Duhun da ke Gefen Hotunan Yaya

Daga Allah muke, gare shi za mu koma, kuma wannan karon Yayana ne ya riga ni. Ya rasu a Rano da bazara bayan gajeriyar jinya, muka kai shi makwancinsa kafin azahar. Na tsaya a kan gawa a garuruwa da yawa. Na ga jana'izar attajiri a Kumasi wadda aka tashi kasuwa dominta, na ga ta wani baƙo a Omdurman wanda ba a ma san sunan da za a yi masa addu'a da shi ba. Ta Yaya ta fi kama da ta baƙon, alhali a garin nan aka yanke masa cibiya.

A zaman makoki na lura da masu zuwa gaisuwa. Tsohon telan da suka yi ƙuruciya tare ya zo yana dogara sanda, ya zauna kusa da ni.

"Alhaji, ya haƙuri?"

"Haƙuri da godiya."

"Mutumin nan shi kaɗai ya taɓa sa ni wanka ranar Talata," in ji shi. "Wai ba zai ɓata fim a kan ƙazami ba." Ya yi dariya kaɗan, sai ya sa hannun riga ya share ido.

Wasu kuwa a tsaye suka yi Fatiha suka wuce. Na ji wani magidanci daga Zinyau yana tambayar abokin tafiyarsa ƙasa-ƙasa, "Shi ne mai akwatin nan?" Ɗayan ya ce, "Shi ne. Rufe bakinka." Ɗan ƙanwarmu da ke aiki a Kano ya shiga cikin gida ya roƙi matar Yaya ta ba shi hoton marigayi ya kai a ƙara masa girma. Ta dube shi ta ce, "Hotonsa? Sai dai kafaɗarsa, in kana so."

Can ƙarshen tabarma akwai wani dattijo, manomi daga Tarai ta ƙasar Kibiya. Bai gaisa da kowa ba. Ya zauna hannunsa na dafe da aljihun gaba kamar mai ciwon ƙirji, da aka shafa ya tashi ya tafi. Na gane shi. Saboda abin da ya faru a gidansa ne sahun jana'izar Yaya bai cika ba, kuma saboda shi nake wannan rubutu, don kada maganar da aka yi ta yi a kan ɗan'uwana ta zama ita kaɗai ta rage.

Yaya ya koyi ɗaukar hoto a Kano tun Turawa na mulki, a hannun wani mutumin kudu da ya yi wa aiki. Ya dawo gida da kyamara babba kamar akwati, mai wuyan fata, wadda ke naɗewa tana miƙewa kamar zugazugin maƙeri. Faffaɗan fim take ci, kowane hoto faɗinsa ya kusa tafin hannun yaro. Wannan faɗin shi ne dukan sana'arsa. In ya wanke fim ɗin, wanda yake kira uwar hoto, sai kawai ya ɗora shi a kan takarda ya nuna wa haske, hoto ya fito daidai girman uwarsa. Ba ya bukatar injin ƙara girma, ba ya bukatar lantarki, wadda Rano ba ta da ita. Yana da keke, yana bin kasuwanni da gidajen suna, daga Dawaki har Kibiya. Mutane suna kiransa da girmamawa a lokacin.

Maganarsa in zai ɗauki jama'a, kowa ya haddace ta: "Ku matsu kamar kuna son juna."

Wata rana a hanyar Kibiya keken ya zame a kan dutse, akwatin ya faɗi a fuskarsa, gilashin gaba ya tarwatse. Yaya ido yake ce wa gilashin nan. Ya je Kano neman wani, aka ce sai an aika ƙasar Turawa, kuma abin ya fi ƙarfinsa. A shagon wani mai gyaran agogo ya tarar da 'yar ƙaramar kyamara irin mai siririn fim, wadda ta faɗa ruwa cikinta ya yi tsatsa, amma idonta garau. Ita kanta ba ta da amfani gare shi ko da lafiyarta, don hotonta bai fi kan babban yatsa ba. Idon ya cire ya zo da shi gida a ƙulle cikin hula.

Ina gari a lokacin, tsakanin wata tafiya da wata, na ga yadda aka yi aikin. Maƙerin fari ya ƙera zoben tagulla da zai riƙe ƙaramin idon a bakin babban akwatin. Baduku ya ɗinke gefen da baƙar fata don kada haske ya saci hanya. Yaya ya goge wani ɓallin gilashi da yashi har ya yi hazo, ya kara shi a inda fim ke kwanciya, ya lulluɓe kansa da bargo cikin zafin rana. Ya sa ni tsayawa a tsakar gida, in matso, in ja da baya, shi kuma yana tura wuyan fatar yana janyowa, duk inda fuskata ta fito sarai sai ya yi zane da wuƙa a jikin ƙarfen akwatin.

"Sarkin yawo, tsaya cik," yake ce mini. "Ka zaga duniya, tsayuwa wuri ɗaya ta gagare ka."

Hoton farko da ya wanke ya ba mu mamaki. Tsakiyarsa ta fi duk abin da tsohon idon ya taɓa yi kyau, har zaren hulata ana ƙirgawa. Amma hoton bai cika takardar ba. Da'ira ce kamar bakin rijiya in ka leƙo daga ciki, haske a tsakiya, yana dusashewa a hankali, kusurwoyi huɗu kuwa baƙi ƙirin. An yi idon ne don ya haska ɗan ƙaramin fili, an kawo shi gona mai faɗi.

Yaya ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ba ƙarya yake yi ba. Gajiya yake yi kafin ya kai gefe."

Ya kuma gano cewa in ya matso kusa da mutum ya miƙa wuyan akwatin, da'irar tana buɗewa, duhun ya ja baya. In ya yi nisa don ya ɗauki jama'a, sai ta tsuke. Na gaya masa cewa a Akkara na ga masu hoto suna yin irin wannan duhun da gangan, su kewaye fuskar amarya da shi, har a ƙara musu lada. Wani Bafaranshe a Fort Lamy ma ya taɓa gaya mini sunan abin a harshensu, yana yabonsa. Yaya ya ji daɗin wannan labari fiye da yadda ya kamata. Daga ranar duk wanda ya tambaye shi sai ya ce sabon yayi ne daga bakin teku. Bai taɓa yarda ya ce akwatinsa faci ne ba. Wannan ita ce aibarsa, kuma ba zan ɓoye ta don ya mutu ba: mutum ne da ya gwammace a zarge shi da komai da a ce kayan aikinsa sun gaza.

Manomin Tarai ya kira shi a wata shekara da gyaɗa ta yi kyau. Yana so a ɗauki gidansa gaba ɗaya. Ban je ba, amma na ji labarin daga bakin Yaya sau da yawa, kuma bai taɓa canja shi ba. An shimfiɗa tabarma a bayan gida kusa da rumbuna. Maigidan ya zauna a tsakiya, yayansa da ƙannensa a gefensa, yara a gaba, mata a tsaye can baki-baki, yadda kowane gida ke jeruwa ba sai an faɗa ba. Yaya ya ja da baya har gadon bayansa ya taɓa danga, ba sauran wurin ja. Ya duba ya ga matar maigidan, uwar 'ya'yansa, tana daidai inda hasken ke ƙarewa.

"Maigida, a ce wa uwargida ta matso ciki."

"Ta matso ina? Jikin yayana?"

"To ta zauna a gabanka, wajen yara."

"Malam, hoto ka zo ɗauka ko tsarin gida ka zo koya mini? Inda take nan ne wurinta."

Aka yi dariya. Da Yaya ya ce, idon akwatina ƙarami ne, ba ya kaiwa can, da an sami dabara. Bai faɗa ba. Ya ce a ransa tana bakin da'irar, za ta fito ko da dishi-dishi. Hoto ɗaya ne ya rage a fim ɗin. Yana shirin latsawa yayan maigidan ya gyara zama ya baza babbar riga wajenta, ita kuma don kunya ta ja taki ɗaya baya. Hannunta kawai ta bari a kafaɗar 'yarta da ke tsaye a gabanta.

Da aka wanke, kowa ya fito. Ita kuwa hannu ne da warwaro biyu, daga gwiwar hannu zuwa sama duhu.

Yaya ya kai hoton da kansa, ya ce in fim ya iso daga Kano zai dawo ya ɗauke ta ita kaɗai, kyauta. Hoton ya zaga gidajen Tarai, mata suna ta tsokanarta, wai mai hoto ya raina ta. Ita ma dariya take yi. Fim ya yi jinkiri. Zafi ya shigo, sanƙarau ya shigo tare da shi, ya ɗauki mutane a ƙauyukan nan kamar yadda ya saba. Tana cikin na farko. Da Yaya ya koma da sabon fim, zaman makoki ya tarar.

Ban san wanda ya fara faɗa ba. Irin wannan magana ba ta da uba. Aka ce akwatin ya ga mutuwarta tun kafin ta zo. Daga nan aka ce ba gani ya yi ba, shi ya kira ta. Mutane suka ciro tsofaffin hotunansu suna duba gefe, kuma a shekarar sanƙarau ba a rasa wanda ya tsaya a gefe ya mutu. Ba wanda ya ƙirga waɗanda suka zauna a tsakiya suka mutu, ko waɗanda duhun ya rufe suna nan suna cin tuwo. Limamin unguwarmu ya yi magana a kai, ya ce ajali ba ya zama cikin akwati, aka ce gaskiya ne Malam, aka ci gaba da kauce wa Yaya a hanya.

Rigimar ta fito fili a kasuwar Kibiya. Manomin ya tare keken Yaya, ya riƙe ƙahonsa.

"Ka san abin da ke cikin akwatin nan, ka shigo mini gida da shi."

"Gilashi ne da fata. Sakar mini keke."

"To me ya sa ka ce ta matso? Me ka gani?"

Nan ne wurin da Yaya zai faɗi gaskiya, kasuwa cike tana sauraro. Ya dubi mutanen, ya dubi mutumin, sai ya ce, "Na ce ta matso, ka hana. Tambayi kanka." Mutumin ya saki keken kamar ya taɓa wuta. Ba su sake magana ba har abada. Jama'a kuwa abin da suka ɗauka shi ne, mai hoto ya amsa cewa ya ga wani abu.

Na dawo daga Jidda na tarar an daina kiransa suna da biki. Matarsa ta ce mini yara sun daina shigowa gidan ɗiban wuta. Na ce masa ya kira dattawa ya kwance zoben tagullar a gabansu, ya nuna musu ƙanƙantar idon.

"In nuna musu me? Cewa shekara da shekaru da faci nake ɗaukarsu?"

"Faci ya fi maita, Yaya."

"A bakinka."

Abin da ya yarda ya yi daban ne. Ranar kasuwar Rano ya kafa akwatin a fili, ya zaunar da ni a tsakiya, ya ɗaura zare a maɓallin, ya je ya tsaya can gefe inda ya san duhun yake, ya ja zaren da kansa. Ya wanke ya liƙa a ƙofar shagon tela: ga ni zaune kamar hakimi, ga kafaɗar Yaya tana nutsewa cikin baƙi. Ya ce to a zuba ido a ga ko zai mutu. Ya rayu shekaru masu yawa bayan haka, ya ga an sauke tutar Turawa an ɗaga tamu. Mutane suka ce ai mai abu ya san makarin abinsa. Wannan shi ne hoton da matarsa take nufi. Ba mu da wani.

Bai bar sana'ar ba, amma bai ƙara ɗaukar mutum biyu tare ba. Fuska ɗaya, kusa-kusa, inda da'irar ke buɗewa ta cika takarda. Masu zuwa wurinsa su ne waɗanda dole ta kawo: maniyyata masu neman hoton fasfo, masu neman aikin gwamnati. Suna zama a ɗarare, wasu suna motsa baki da addu'a. Yakan kawo akwatin dab da hancin mutum, abin da ba a yi wa babba a ƙasar nan, ya ce, "Yi haƙuri, Malam. Nesa ce ke cin mutane." Akwai wani kuturu da ke zama a bakin kasuwa, wanda ya taɓa ce masa cikin wasa shi ba ya tsoron akwatin, don ba abin da ya rage a ci a jikinsa. Yaya ya ɗauke shi, ya gyara masa rawani da hannunsa, ya ba shi hoton a cikin 'yar jakar fata. Mutumin ya zo jana'iza. Shi ne ya fi kowa daɗewa a bakin kabari.

Ranar sadakar bakwai manomin Tarai ya dawo. Ya jira har mutane suka watse bayan la'asar, sannan ya matso ya ciro hoton daga aljihu. Ya yi laushi kamar tsumma, amma hannun da warwaron suna nan.

"Alhaji, an ce ka je Makka da ƙafa, ka je ƙasashen da ba a jin Hausa."

"Na ɗan taɓa."

"'Yar nan da ka gani, yanzu 'ya'yanta sun tasa. Tana tambayata kamannin uwarta. A da ina gaya mata. Bana na rufe ido in gan ta, sai na ga hoton nan." Ya shafa gefen takardar da yatsa. "A duk inda ka je, babu inda ake fito da mutum daga cikin duhun nan? Ko nawa ne, ina da shanu."

Na ga injinan hoto a Ikko waɗanda ke mai da fuska kamar ƙwayar gero ta zama kamar faifai. Na so in ce masa akwai. Kafin in buɗe baki matar Yaya ta yi magana daga bayan ƙofar zaure, inda take zaune cikin takaba.

"Alhaji, miƙa masa wannan."

Gwangwanin alewa ne, ya yi tsatsa. Ban taɓa ganinsa ba. A ciki hoton Tarai ne, an buga shi an sake bugawa, ya cika gwangwanin har baki. A wasu, mutanen tsakiya sun yi fari fat sun ɓace, don Yaya ya rage hasken ko gefen zai yi magana. A wasu ana ganin inuwar yatsansa inda ya kare wajen. A mafi kyawunsu an sami ƙarin abu kaɗan: damtse, da bakin mayafi, da wani layi da zai iya zama haɓa.

"Duk sanda ya sami sabuwar takarda, da wannan yake fara gwadawa," in ji ta. "Har watan da ya kwanta."

A ƙasan gwangwanin uwar hoton ce, a naɗe cikin ƙyalle. Na nuna wa dattijon yadda ake riƙe ta ta gefe, na ce ya ɗaga ta sama. A jikin fim komai a juye yake, fararen riguna baƙi, baƙaƙen fuskoki fari. Ya sami kansa a tsakiya, ya sami 'yarsa, ya bi hannun da ido zuwa inda matarsa take tsaye. A nan babu duhu ko kaɗan. Fim ɗin garau yake kamar ruwan rijiya. Ta cikinsa yana hango reshen darbejiyar ƙofar gidanmu yana motsi.

Na kawo akwatin, na kwance zoben tagullar, na sa masa idon a tafin hannu. Bai fi kwabo faɗi ba. Na gaya masa abin da Yaya ya ƙi faɗa a kasuwar Kibiya, cewa idon ƙaramar kyamara ne, haskensa ba ya kaiwa gefe, kuma inda haske bai taɓa sauka ba, babu gwanin da zai tono komai, a Ikko ko a Makka.

Ya daɗe yana juya gilashin.

"Ashe bai ɗauke ta ba," in ji shi. "Ba ta shiga ba ne."

Ya sake duban uwar hoton.

"Taki ɗaya. Da ya ce mini idon ne."

"Da ya faɗa," in ji matar Yaya daga bayan ƙofa. "Da kai ma ka bar ta ta matso."

Na ce ko zai gaya wa mutanen Tarai abin da ya gani. Ya ce zai faɗa, amma waɗanda suka fi yaɗa maganar sun riga mu gidan gaskiya da ita a bakinsu, jikokinsu kuwa sun gaje ta kamar gona. Ya zaɓi hoton nan mai layin haɓa, ya haɗa da nasa ya mayar aljihu. Sannan ya ce in raka shi maƙabarta.

Kabarin Yaya yana can ƙarshe, jikin shingen ƙaya, don nan ne aka sami wuri. Dattijon ya tsuguna daga nesa ya ɗaga hannu. Can sai ya sauke, ya tashi, ya matso har gwiwarsa ta taɓa ƙasar kabarin, ya sake farawa.

Allah ya jiƙan Yaya, ya yafe masa taurin kansa, ya jiƙan baiwar nan tasa da ba wanda ya rage da zai iya faɗin kamanninta. Allah ya haskaka kabarinsu tun daga tsakiya har gefe.